Na'urar Sanyaya Ɗaki Ta Daina Busa Iska: Sharhi Kan Aikin Wani Shagon Gyara a Kano

Akwai matsaloli guda biyu da masu na'urar sanyaya ɗaki kan cuɗanya su, kuma wasu masu gyara ba su ƙi a ci gaba da cuɗanya su ba, domin a nan abincinsu yake. Ta farko ita ce na'ura ta riƙa busa iska amma iskar babu sanyi. Ta biyu kuwa ita ce iskar ta ɗauke gaba ɗaya, mutum ya kai hannu bakin na'urar ya ji shiru alhali fitilarta tana ci. A ta farko ana iya zargin gas ko kwamfiresa, wato injin da ke matsa gas ɗin, amma a ta biyu abin da ya kamata a fara tuhuma shi ne fankar ciki da duk abin da ke ba ta wuta ko yake tare mata hanya, saboda gas ba ya tura iska. Duk da haka, a garin nan da wuya a kira mai gyara bai iso da tukunyar gas ɗaure a bayan babur ba, tun kafin ya ga na'urar da idonsa. Wannan sharhi ya shafi wani ƙaramin shagon gyara ne da ke kudancin birnin Kano, wanda ya yi mini aiki a kan irin matsala ta biyu, kuma hukuncina a kansa shi ne cewa sun iya gano cuta fiye da yawancin takwarorinsu, amma a fannin tsari da cika alkawari akwai sauran aiki a gabansu.

Na'urar da ake magana a kanta irin mai ɓangare biyu ce, ɗaya a bangon falo ɗaya a waje, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wato wadda ke ba da sanyin da ya kai kimanin BTU 12,000, tana amfani da gas ɗin R410A, kuma ba mai inbata ba ce, wato ba irin wadda ke rage ko ƙara gudun kwamfiresa da kanta ba ce. Ta tsaya ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma lokacin da kowane mai gyara ke da aikin da ya fi ƙarfinsa. Idan aka kunna ta, murfin bakin iskar yakan buɗe kamar kullum, a ji ɓangaren waje ya tashi, amma babu ko ɗigon iska daga ciki; bayan ɗan lokaci sai ta kashe kanta, fitilarta ta shiga ƙiftawa.

Abin da ya fara burge ni shi ne tambayoyin da mai shagon ya yi ta waya kafin ya amince zai zo. Ya nemi a duba rimot a gaya masa alamar da ke kan fuskarsa, ko ta ƙanƙara ce, ko ta ɗigon ruwa, ko ta rana. Ya yi bayanin cewa idan aka saita na'ura a kan ɗigon ruwa, wato busar da danshi, fankar ciki takan yi tafiyar hawainiya, a wasu na'urorin ma takan tsaya lokaci-lokaci, idan kuma a kan rana take, wato ɗumama ɗaki, fankar ba za ta tashi ba sai bututun ciki ya yi ɗumi, kuma yara masu wasa da rimot sun sha jawo masa tafiyar banza a kan wannan. Sannan ya tambaya ko ana jin wani gunji ƙasa-ƙasa daga ɓangaren ciki, ko an ga ruwa yana ɗiga, ko an ga ƙanƙara a jikin bututun da ke waje, da kuma yaushe rabon da a wanke ragar tace ƙura. Mai gyaran da zai tsaya ya kawar da yiwuwar cewa babu abin da ya lalace, alhali zuwansa kaɗai kuɗi ne a wurinsa, ya cancanci a yaba masa.

Daga nan ne kuma aibin shagon na farko ya bayyana. An yi alkawarin zuwa da hantsi, ba a gan su ba sai bayan la'asar, kuma babu wanda ya ɗaga waya ya ba da uzuri. Duk kiran da aka yi amsa ɗaya ce, wai ga su nan a hanya. A lokacin bazara ana iya yi wa mai sana'a uzuri idan aiki ya yi masa yawa, amma faɗin gaskiyar lokaci ba ya cin ko kwabo, kuma magidancin da ya baro wurin aikinsa domin ya jira mai gyara yana da haƙƙin sanin ko jiran sa'a guda zai yi ko na wuni.

Da suka iso, mai shagon da yaransa biyu, sukudireba ba ita ce ta fara fitowa daga jaka ba, mitar awon wuta ce. Ya auna wutar da ke isowa soket da wadda ke fitowa daga sitabilaiza, domin na'urorin nan an ƙera su ne su yi aiki da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, kuma idan ta yi ƙasa ƙwarai injin fanka yakan kasa tashi ya tsaya yana gunji yana ɗaukar zafi. Wutar ta fito daidai. Sai ya buɗe murfin gaba ya zaro ragar tace ƙura guda biyu, ya ɗaga su saitin taga. Haske ba ya ratsa su ko kaɗan, sun yi kauri da wata jar ƙura mai laushi wadda ta danƙare ta zama kamar ɓawo. Wannan ragowar hunturu ce, ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta sauke ta a kanmu daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Na'ura takan huta a watannin sanyi, a manta da ita, sai zafi ya kama a kunna ta a haka ba tare da an wanke komai ba.

Wani mai gyaran da a nan zai tsaya, ya wanke raga, ya karɓi kuɗinsa. Shi kuwa ya ce toshewar raga tana rage iska ne ba ta ɗauke ta ɗungurungum, sai fa idan ta sa ƙanƙara ta lulluɓe bututun ciki, kuma ga shi babu ƙanƙara babu alamar ruwan da ya narke. Ya kashe wuta daga bango, ya zura yatsa ta bakin iskar ya juya fankar. Fankar ɓangaren ciki ba irin mai fukafukai ba ce, doguwa ce mai siffar bututu, jikinta duk ƙananan tsaga, injinta yana gefen dama kusa da akwatin wuta, ɗaya ƙarshen kuma yana zaune a kan wata 'yar roba mai boris. Ta juya ba tare da ta cije ba, abin da ya nuna boris bai kama ba kuma babu wani abu da ya maƙale a ciki. Ya gaya mini cewa ya sha tarar da tsaka ta mutu a wurin, ko ɓera ya ci wayar injin, don haka ya haska tocila ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin da ya biyo baya shi ne ya warware zancen, kuma na tsaya kusa na gani. Ya mayar da wuta, ya kunna na'urar da rimot, aka ji injin yana gunji amma fankar tana tsaye cik. Ya ɗauki wani siririn tsinken roba ya ɗan tura ta, sai ta fara juyawa a hankali, ta ci gaba da tafiya da kanta amma babu kuzari, kamar motar da batirinta ya mutu aka tashe ta da turi. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, injinka lafiyarsa ƙalau, abin da ke tashinsa ne ya gaji." Abin da yake nufi shi ne kafasita. Injin irin wannan fanka yana da naɗin waya guda biyu, kuma kafasitar ce ke sa wutar naɗi na biyu ta saɓa da ta na farko ta yadda injin zai sami ƙarfin juyawa. Idan ta raunana sai injin ya tsaya yana jan wuta ba motsi. A jikin injin kuma akwai wani ɗan ƙaramin ma'auni da ke sanar da fanel, wato allon laturonin da ke sarrafa na'urar, saurin juyawar fanka, kuma idan fanel ya ga ya ba da umarni bai ji motsi ba sai ya kashe na'urar baki ɗaya. Wannan ne dalilin ƙiftawar fitila, kuma kariya ce, domin idan kwamfiresa ya ci gaba da aiki babu iskar da ke ratsa bututun ciki, bututun zai yi ƙanƙara, gas ya koma wa kwamfiresa yana ruwa, alhali shi tururi aka yi shi ya matsa. Kwamfiresa kuwa shi ne mafi tsada a jikin na'urar.

Bai tsaya a kan zato ba. Ya sake kashe wuta, ya kwance akwatin, ya zaro fanel, ya sauke ragowar wutar da ke cikin kafasitar kafin ya taɓa ƙafafunta, domin takan riƙe caji ko bayan an cire na'ura daga soket. Ya narke dalmar da ta riƙe ta, ya ɗora ta a kan mita. A jikinta an rubuta ƙarfinta, maikurofarad 1.5, mita kuwa ba ta nuna ko rabin haka ba, kuma ya juyo fuskar mitar ya nuna mini lambar da kansa. Bayan haka ya auna naɗin wayoyin injin domin ya tabbatar zafin gunjin da ya yi bai ƙona su ba, ya duba fis, ya duba ƙasan fanel ko akwai baƙin tabo na ƙuna. A ganina wannan ne ainihin abin da ake biyan mai gyara dominsa. Canja kaya kowa zai iya. Wanda bai iya awo ba zai ce injin ya ƙone, a saya, a ɗaura, matsala ta ƙi tafiya, ya koma ya ce fanel ne, a ƙarshe a yi gyaran gangar Auzinawa, mai gida ya kashe kuɗin da ya kusa sayen sabon ɓangaren ciki a kan abin da bai kai girman akwatin ashana ba.

Sayen sabuwar kafasitar ya nuna ƙarfin mai shagon da kuma raunin shagon a lokaci guda. Ba su zo da ita ba, duk da cewa tana cikin abubuwan da suka fi lalacewa kuma ba ta cin wuri a jaka, sai da aka aika yaro kasuwar Sabon Gari. Yaron ya dawo da mai lamba 2.5, yana cewa mai kayan ya ce duk ɗaya ne, wannan ma ta fi ƙarfi. Ogan ya mayar da shi nan take, ya ce masa, "Kai, abin da aka rubuta shi za ka kawo, ba abin da ya rage a kanta ba." Ya yi mini bayanin cewa wadda ta fi ƙima takan sa naɗi na biyu ya ja wutar da ta wuce ƙa'ida, fanka ta yi ta gudu ana murna, injin kuwa yana cin kansa a hankali. Na yarda da wannan tsantseni, amma tafiya biyu zuwa kasuwa cikin cunkoson yamma ta tura aikin zuwa washegari, kuma da sun tanadi ƙananan kayan da aka san ana yawan buƙata da ba a kwana cikin zafi ba.

Washegari suka liƙa sabuwar, suka kuma wanke ɓangaren ciki. A nan ma sun yi abin da ba kowa ke yi ba, domin ba su tsaya a raga ba, sun bi tsagogin fankar kanta, inda ƙura da danshi suka haɗu suka zama laka. Fankar da tsagoginta suka cika takan yi nauyi, ta kuma kasa ɗibar iska ko da tana juyawa da cikakken gudu, don haka wanda ya canja kafasita ya bar ta a haka rabin aiki ya yi. Sun rataya jakar leda a ƙarƙashin na'urar, suka rufe akwatin wuta, suka feshe bututun da ruwa mai matsi ba tare da sun lanƙwasa siraran faifan alminiyon da ke jikinsa ba, sannan suka busa bututun fitar da ruwa, wanda zanzaro ya fara gini a bakinsa ta waje. Sai dai jakar tasu ta tsufa, ta yi yoyo ta gefe, baƙin ruwa ya gangaro ya ɓata fentin bango, kuma babu wanda ya ga ya dace a matsar da kujera kafin a fara. Yaron da ya hau duba ɓangaren waje kuma da silifas ya hau, a kan tsanin da ɗan'uwansa ya riƙe da hannu ɗaya yana danna waya da ɗayan.

Batun gas ne ya sa na ƙara ganin ƙimar mai shagon. Bayan fanka ta tashi, wani maƙwabci da ya leƙo ya ba da shawarar a ɗan ƙara gas tunda an riga an buɗe aiki. Mai gyaran ya ce sai an auna. Ya bar na'urar ta yi aiki na ɗan lokaci, ya ɗaura ma'aunin matsi a babban bututun da ke ɓangaren waje, ya maƙala mitar da ke auna wutar da kwamfiresa ke ja ya kwatanta da abin da ke rubuce a jikin na'urar, sannan ya auna zafin iskar da ke shiga ta sama da sanyin wadda ke fitowa ta baki. Bambancin ya kai maki goma, kuma abin da ake nema a lafiyayyar na'ura shi ne wajen maki 8 zuwa 12. Ya naɗe igiyoyinsa ya ce babu abin da zai ƙara. Gas ɗin na'urar sanyaya ɗaki ba mai ba ne da ke ƙonewa ya ƙare, zagayawa yake yi a cikin rufaffen bututun jan ƙarfe, don haka idan ya ragu to akwai inda yake zurarewa, galibi a mahaɗar bututu, kuma magani shi ne a nemo wurin da kumfar sabulu, a gyara, a zuƙe iskar da ta shiga da injin zuƙa, sannan a zuba sabo gwargwadon nauyin da aka rubuta. Ƙara gas a kan wanda yake cike kuwa ɗora wa kwamfiresa nauyi ne kawai. Ya kuma ja kunnena a kan masu zuba R22 a na'urar R410A saboda shi ke hannunsu, alhali matsinsu ya bambanta nesa ba kusa ba, man da ke cikin kwamfiresansu ma ba iri ɗaya ba ne. Shi R22 ɗin ma yana cikin sinadaran da Yarjejeniyar Montreal ta 1987, bayan gyare-gyaren da aka yi mata daga baya, ta tsara a daina amfani da su saboda illarsu ga sararin samaniya, shi ya sa sababbin na'urori suka koma R410A da R32.

Ta fuskar kuɗi ba zan ce sun tsauwala ba. Kuɗin kafasitar kaɗan ne ƙwarai, yawancin abin da na biya kuɗin aiki ne da na wanki, kuma jimillarsu ba ta kai abin da ake karɓa a zuba gas kaɗai ba. Abin da ban so ba shi ne yadda ba a yanke farashi tun farko ba, sai da aka ɗaure kusoshi aka fara ciniki, lokacin da mai gida ba shi da sauran bakin magana. Rasit babu, garanti kuma na fatar baki ne: "In ta sake yin wani abu ka kira ni, Alhaji." Tsohuwar kafasitar dai ya miƙo mini ita ba tare da na tambaya ba, kuma wannan ɗabi'a ce da ya kamata kowane mai gida ya riƙa nema, domin ita ce shaidar cewa an canja abin da aka ce an canja.

Garantin bakin ya sami gwaji ba da jimawa ba, domin bayan 'yan makonni wata 'yar ƙara ta fara fitowa daga gefen hagu na ɓangaren ciki idan aka sa fanka a babban gudu. Na kira, sun sake makara, amma sun zo. Robar da ƙarshen fankar ke zaune a kanta ce ba ta koma mazauninta daidai ba lokacin wanki. Mai shagon ya amsa cewa daga wurinsu ne, ya gyara mata zama, ya ɗiga mata maiƙo, bai karɓi ko kuɗin mai ba.

Akwai iyaka ga abin da wannan shago zai iya, kuma shi da kansa ya faɗa da na tambaye shi game da na'urar ɗakin kwana, wadda mai inbata ce. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna amfani da injin fanka na daban wanda ba shi da waccan kafasita, fanel ne ke sarrafa gudunsa kai tsaye, don haka gwajin turi da tsinke ba ya nuna komai a kansu, sai a bi lambar matsalar da na'urar ke nunawa a kwatanta da littafinta. Ya ce wanki da gyaran bututu zai yi mata, amma idan fanel ɗinta ya sami matsala cire shi yake yi ya kai wa wani mai gyaran kayan laturoni, kuma ba ya ɗaukar alkawarin ranar da zai dawo. Saboda haka wanda na'urarsa ta gargajiya ce, ta daina busa iska ko iskar ta ragu, zai sami biyan buƙata a irin wannan shago matuƙar ya yanke kuɗin aiki kafin a taɓa kusa ko ɗaya, ya kuma kwashe kayan da ke ƙarƙashin na'urar da kansa. Mai sabuwar na'ura mai inbata wadda garantin kamfani bai ƙare a kanta ba kuwa gara ya fara komawa inda ya saya, domin buɗe akwatin wutarta a hannun wani mai gyara na iya soke garantin.